Ranar da Aka Yi Lodin Kakana

Wannan da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo, ta wuce, sawunta ma ruwan Kwatano ya shafe shi. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana, na kuma gaya mata inda na karkace ta bar ni a karkace, kada ta miƙar da ni.

Ita ce ma ta tono zancen. Ta gama karatun ungozoma, an tura ta aiki Faraku, tana ta cusa kaya a akwati kamar wadda za ta buɗe kanti. Na leƙa daga bakin ƙofa na ce mata, "Ke, har yanzu ba ki gama lodin ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Kaka, wa ke cewa lodi yanzu a Zongo? Sharje ake cewa, da Faransanci. Kuma kin san lodin nan naki ba Hausa ba ce? Turancin Ingila ne."

Na ce, "Ni za ki gaya wa? Ina tsaye kalmar ta shigo unguwar nan, ko takalmi ba ta da shi."

Sai ta zauna a bakin gado tana ƙirga mini da yatsu abin da malaminsu na Ingilishi ya koya musu a lakwal. Wai su masu kalmar, da ita suke ɗora kaya a mota da jirgin ruwa, da ita suke ɗura harsashi a bindiga, da ita suke faɗar nauyin da aka jibga wa mutum a zuciya, har ɗan zoben nan da ke juyawa a waya kafin hoto ya buɗe, wai shi ma lodi yake yi. Na ce ashe su ma kalma ɗaya suke aika aike goma, kamar yarinyar da ba ta da ƙanne. Ta ce ba ta gama ba. Wai can da, tun kakannin kakanninsu, tushen kalmar yana nufin hanya ne, da tafiyar da ake yi da kaya a kanta. Daga baya aka manta da tafiyar, aka riƙe kayan.

Nan na shigo na zauna daɓas. Ta ce, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya lau, ɗauko takarda.

Zongon da na tashi a ciki rairayi ne. Duk inda ka sa ƙafa sai ta nutse, ɗan akuya ma da haki yake tsallaka layi. Ba wannan ƙugin baburan ba ne ke tashe mu. Kafin ladan ya yi kira, teku kake fara ji daga wajen Placodji, yana numfashi kamar babban mutum mai barci, sannan jirgin ƙasa ya yi kuka a gar, wato tasha, sannan taɓare su amsa daga gida zuwa gida. Matan Ladji su shigo da ƙyafaffen kifi a faifai suna kira da yarensu, mu amsa da namu, a yi ciniki a rabu ba wanda ya cuci wani. Aikina na safe shi ne ruwa. Rijiyar gidanmu tana da ɗan gishiri, ta wanki ce, na sha kuwa sai na je gidan wata tsohuwa can wajen Gbégamey in ɗebo, in zo in juye a randar mahaifiyata. Mahaifiyata ta rasu ina goye, ban san fuskarta ba. Randar na sani. Baƙa ce, mai faɗin ciki, da ɗan zane kamar ƙafar kaza a wuyanta, ruwanta kuwa ko rana ta raba tsaka sai ya kama maka haƙori. Yanzu ruwa a leda ake sayar da shi, a fasa da haƙori a jefar da ledar a kwata, kwatar ta toshe, damina ta zo ta rama.

Wanda ya raine ni, in an bi gaskiya, kakana ne na wajen uba. Baba yana can bakin wafu, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, tun safe wajen karɓar kayan 'yan kasuwa, Gwaggo ƙanwarsa tana fama da tukwane, ni kuwa ina zaure gindin tsoho ina tsince masa goro mai tsutsa. Matata yake ce mini, ni ina ce masa Angona, kamar yadda jika da kaka ke wasa. Shi bafatake ne na ainihi. Tun gemunsa bai fito ba yake kora jakai a hanyar Gwanja, ya bi ta Nikki, ya bi ta Jugu, har ƙafa ta kawo shi bakin teku ya ce to, ƙasa ta ƙare, sai zama. Bai ƙara hawa hanya ba. Amma hanya ba ta sauka daga kansa ba. In iska ta kaɗo daga arewa sai ya ɗaga hanci ya ce, "Matata, kin ji? An yi ruwa a Jugu."

Shi ya koya mini cewa ɗaukar kaya ba abu ɗaya ba ce. Jaki labta masa ake yi, a daidaita ɓangare da ɓangare, in ɗaya ya fi ɗaya ko da dutse ne a ƙara. Kai kuwa aza masa ake yi, shi ma sai an nemi wani ya taya, shi ya sa mai tallan da ba ta gaisuwa takan daɗe a tsaye. Kafaɗa saɓa mata ake yi. Wuya a rataya masa. Yaro kuwa goya shi ake yi, ba a ɗaukarsa kamar ƙullin gishiri. Yakan ce kowane nauyi da sunansa, domin kowane nauyi da haƙƙinsa. Sannan akwai dokar da ta fi duka, wadda nake ji kusan kullum har na ɗauka aya ce: hannun da ya ɗaura, shi ke kwancewa. A ayari, kowa da irin ƙullinsa. In ka ɗaura kaya, kai za ka bi shi har zango, kai za ka kwance, in ya goge bayan dabba kai za a tambaya, in ya isa lafiya kai za a sa wa albarka. Ba mai taɓa ƙullin wani. Kwance ɗaurin mutum yana raye, daidai yake da ce masa ɓarawo ko ce masa gawa. Shi ya sa tun da ya zauna a Kwatano, ko ƙunshin goron da za a aika garin Ajashe nan kusa ba ya ɗaurewa. Sai ya ce wa mai tafiyar, "Zo ka ɗaure abinka, ni ba inda za ni."

Ana nan sai motocin katako suka yawaita, masu zuwa daga Ikko da masu wucewa Ankara. Da su kalmar ta zo, a bakin direbobi da yaran mota. Da fari dariya take ba mu. Ka ji ƙato a saman mota yana ihu, "Lodi! Lodi!" mu yara mu bi layi muna kwaikwayonsa. Kafin a ankara ta shige gida. Motar da layi ya zo kanta, ita ke lodi. Masu jefa kaya sama, 'yan lodi. Wanda ya cika ciki da tuwo, ya yi lodi. Har mace in ta yi nauyi, sai ka ji marasa kunya suna cewa an yi lodi. Masu Faransanci suna da tasu kalmar, amma ba su ke da motocin ba a lokacin, kuma mai abu shi ke raɗa masa suna.

Kakana ya tsani kalmar nan kamar ƙaiƙayi a ido. Ba don baƙuwa ba ce, shi da ya ci tuwon ƙabilu ba iyaka. Abin da ya dame shi, wata rana ya ji yaron mota yana cewa saura buhu huɗu da mutum biyu lodi ya cika. Ya dawo zaure ya zauna ya kira ni. Ya ce, "Matata, kalmar da ba ta raba ɗan Adam da buhun gero ba, ba za ta kwana a bakina ba." Ya kuma ce abin da ya fi muni, ɗan lodi yana ɗaure kaya ya diro ya karkaɗe hannu ya tafi cin abinci. Kayan su tafi Faraku, shi yana Kwatano. In igiya ta saki a hanya, wa za a tambaya? Duk wanda ya ce lodi a zaurensa sai ya sa shi ya sake magana. Baba ma, da aikinsa ke nan, in ya iso ƙofar gida sai ya ajiye kalmar tare da takalmansa.

To, na girma. Cikin baƙin da ke sauka gidanmu akwai wani saurayi mai fataucin goro, mutumin Jugu, mai yawan shiru da tsabtar riga. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na gani na ce ina so, aka yi bincike, aka ɗaura. Sai da aka ɗaura ɗin na gane abin da na ɗauko. Jugu ba bayan gida ba ce. A lokacin, wadda aka kai can sai dai a ji labarinta a bakin fatake, ta haihu, ta yaye, wani lokaci ta rasu ma sai bayan arba'in a ji. Ban san kowa ba a can, yarensu na Dendi ko gaisuwa ban iya ba. Gwaggo za ta raka ni, amma kwana kaɗan za ta yi ta juyo. Na daina cin abinci sosai. Mutane suna cewa kunyar amarci ce.

Tsoho shi ya gane. Wata safiya ina tsince masa goro ya ce, "Kin sake ni kin auri yaro, yanzu kuma kina ramewa. Wa ya aike ki?"

Na ce, "Angona, tsoro nake ji."

Ya ce, "Na sani. Zan kai ki."

Da maganar ta isa kunnen Baba, gida ya ɗauki zafi. Baba ba mai faɗa ba ne, amma ranar na ji muryarsa har madafa. Lokacin ƙafafun tsoho sun fara kumbura, tari kuma ya kama shi, masallacin Juma'a ma sai an riƙe shi. Hanyar arewa kuwa jar ƙasa ce mai ramuka, mota na kwana a laka in ta ga dama.

Baba ya durƙusa a gaban tsoho ya ce, "Baba, ka yi wa Allah. Hanyar nan samari ma tana karya su. In ka tafi, gawarka ma ba zan gani ba."

Tsoho ya ce, "Hanyar da na taka da ƙafa, ita za ta kashe ni a zaune?"

"Da ƙafar saurayi ka taka ta. Kuma ina aka taɓa ganin kaka namiji ya kai amarya? Aikin mata ne."

"To, na ji," in ji tsoho. "Ka bar ni dai in je tasha in yi mata addu'a."

Baba ya san mahaifinsa. Ya bi gida ya kwashe duk wata igiya, har ta shanya, ya ce wa Gwaggo kada a bar tsoho kusa da kayan amarya. Shi da kansa ya kira 'yan lodi biyu suka ɗaɗɗaure akwati da tasoshi da tabarmi tun a tsakar gida. Ni kuma ina tsakiya. In na dubi Baba sai in ga gaskiyarsa, don in tsoho ya mutu a hanya saboda ni, da wane ido zan dubi Zongo? In na dubi hanya kuma sai in ga ba ni da kowa a ƙarshenta. Ban roƙi kowa komai ba. Abu ɗaya na ce, a bar ni in tafi da randar uwata.

Ranar tafiya da hantsi muka isa tasha. Rana ta fito, ƙasa na tururi saboda ruwan da aka yi. Masu waina, masu ƙosai, masu rakiya, rabin unguwa na wurin. Aka shimfiɗa wa tsoho buzu a inuwar wata rumfa, yana sanye da farar riga da rawaninsa na zuwa Idi. 'Yan lodi suka yi ta cilla kaya sama suna waƙa, har aka zo kan randa. Gwaggo ta cusa mata zannuwa a ciki, ta naɗe ta da tabarma, amma ba a ɗaure ba, don igiyar da aka zo da ita ta ƙare a kan akwatuna.

Direban, wani mai ƙaton ciki da hular ulu, ya zagaya ta ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce, "Wannan ba ta isa Bohikon ma, balle Jugu. Abin fashewa ba ruwana da shi. Amarya, a Jugu ba a gina tukwane ne?"

Babban ɗan lodin ya ce, "Ni dai in an ce in ɗora sai in ɗora. Abin da ya faru bayan nan, tsakaninta da ramuka."

Gwaggo ta dafa ni ta ce, "'Yar nan, haƙura. A mayar da ita gida, in kin zo ganin gida kya sha ruwanta."

Baba ma ya ce hakan ya fi. Ban yi musu ba. Na sunkuyar da kai cikin mayafi, hawaye na sauka a kan ƙafata, ina ganin yadda suke huda lallen. Ban san tsoho ya tashi ba. Shirun da tasha ta yi ne ya sa na ɗaga kai.

Yana tsaye a gaban randar, ba sanda, ba mai riƙe shi. Ya kai hannu ya warware rawaninsa, ninki bayan ninki, har kansa ya fito fili, fari fat, ga ɗan gumi a tsakiya. Ni da na tashi a gindinsa ban taɓa ganin kansa a waje ba. Mata suka kawar da fuska. Ya durƙusa da ƙyar, ya zagaya rawanin ta ƙarƙashin randar, ya haɗo ta wuya, ya gicciya, ya sake zagayawa, yana ja yana tari, yana ja yana tari. Hannuwan nan da ke rawa in zai kai kofi baki, ranar ba su yi rawa ba. Ya bar kunnuwa biyu na ɗauka, ya yi wani ƙulli da ban taɓa gani ba, ya danna shi da babban yatsa. Sannan ya dubi 'yan lodi ya ce, "A aza."

Ba wanda ya motsa. Duk wani ɗan Zongo da ke wurin ya san abin da aka yi.

Baba ya matso a hankali ya tsuguna. Ya ce, "Baba, addu'a ka ce."

Tsoho ya ce, "Ita ce wannan."

Na ga hannun Baba ya tafi kan ƙullin. Yatsunsa har sun taɓa shi. Da ya ja, da magana ta ƙare, a mayar da tsoho gida, a mayar da randa gida, kuma ba wanda zai ce bai yi don ƙauna ba. Amma zai zama ɗan da ya kwance ɗaurin ubansa a gaban jama'a, uban yana numfashi. Ya dubi tsoho, ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana kamar ranar ya fara ganin yadda na rame. Sai ya janye hannun. Ya cire hularsa ya sa wa mahaifinsa a kai, shi ya tsaya kai sake a rana.

Ya ce wa direba, "A ba shi gidan gaba."

Tsoho ya ce, "Mai kaya ba ya wuce kayansa. Inda aka ajiye ta, nan zan zauna."

Motar tana da tsawo, tsani kuwa ba na tsofaffi ba ne. Sai 'yan lodin nan biyu suka kama shi, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, na sama ya miƙo hannu, suka ɗaga shi cak suka dire a kan buhunan gishiri kusa da randa. Ya gyara hular Baba da ta zamo masa har gira, ya leƙo ƙasa ya ce, "To, jama'a, yau ni ma an yi lodina."

Tasha ta kwashe da dariya, har Baba, yana dariya yana share ido da hannun riga. Wannan ne karo na farko da na ji kalmar a bakin kakana, ban kuma sake ji ba.

Hanya ta ba mu wuya, ba zan ɓoye ba. Mun kafe a laka, mun sauka mun tura, ruwa ya dake mu, tarinsa ya tsananta har na ce a raina Baba ya yi gaskiya, na kashe tsoho. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya rungume randar da hannu biyu kamar mai goyo a gaba. Amma da muka wuce ƙasar kurmi, itatuwan kaɗanya suka fara bayyana, sai na ga mutum yana dawowa. Yana nuna mini, nan muka taɓa yada zango, can jakina ya taɓa karyewa, wancan dutsen akwai ruwa a bayansa. Da muka isa Jugu, dangin miji suka taru za su sauke kaya, wani ya kai hannu kan randar, tsoho ya buge hannun. Shi ya kwance, a tsakiyar ɗakina. Ko tsagewa ba ta yi ba. Aka zuba ruwa, ya jira ya yi sanyi, ya sha, ya miƙo mini. Sannan ya fita ya gaisa da surukaina da Dendin da ya kwana shekaru a cikinsa bai ruɓe ba, har ya gano wata tsohuwa da ya san mahaifinta. Kafin Gwaggo ta juya, ni ba baƙuwa ba ce a gidan, jikar wane ce.

Gwaggo ta ce ya shirya su koma. Ya ce, "Me na ɗaura da zan bi?" Bayan girbi Baba ya zo da kansa. Ya yi lallashi, ya yi fushi, har dabara ya yi, ya sayi doya ya kawo igiya ya ce, "Baba, taya ni ɗaure wannan, hannuna na ciwo." Tsoho ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Ɗan yau, ni za ka yi wa fatauci?" Haka Baba ya koma shi kaɗai. Tsoho ya zauna a zauren mijina, ya ga ɗana na fari, ya yi masa huɗuba, ya ga na iya ciniki da Dendi har ina zagi. A can ya cika, a can aka rufe shi, Baba bai samu jana'iza ba, kamar yadda ya faɗa tun farko. Wannan nauyin Baba ya ɗauke shi har ƙarshen ransa, bai kuma taɓa aza mini ko kaɗan daga ciki ba. Kowa a cikinsu ya yi gaskiya, sai dai gaskiyar ɗaya ta hau mota, ta ɗaya ta tsaya a tasha kai sake.

Ni ma da mijina ya rasu, ɗana ya dawo da ni Kwatano, na tarar an shafe rairayin da kwalta da duwatsu, tashar nan an yi shaguna a wurin. Yanzu in za ka aika kaya, sai ka kai gar, a rubuta lamba a jiki, ka koma gida ka kwanta, wani da ba ka taɓa gani ba ya sauke a wani gari. Yana isa kuwa, ban ce ba ya isa ba, ya ma fi namu saurin isa. Sai dai ba wanda ya san hannun da ya ɗaura. Kalmar da kakana ya ƙi, yau ni ce mai tsaronta a Zongo, yara na yi mini dariya kamar yadda muka yi wa ƙaton nan na saman mota. Da zan gan shi, da na gaya masa abin da jikata ta ce, wai masu kalmar ma da can ba su raba kaya da tafiya ba. Na san abin da zai ce. Zai ce to, me ya sa suka bari ta lalace kafin su kawo mana?

Saura kaɗan, ki ƙara haƙuri da hannunki. Abin da ya faru yau da safe shi ya rage.

Akwatin yarinyar nan ya ƙi rufuwa, ta hau kai ta zauna, zif ya fashe. Ubanta, wato ɗana, ya kawo igiyar roba. Ta zagaya, ta gicciya, ta zo ƙulli yana ta zamewa. Tun kwana biyu ina lura da ita, tana tsakurar abinci tana turewa, tana dariyar da ba ta kai ido ba. Ba ta san kowa ba a Faraku. Ta ɗago ta ce, "Kaka, danna mini nan da yatsa."

Na danna. Ta ja, ƙulli ya kama.

Ubanta yana bakin ƙofa. Ya san labarin nan tun yana goye, shi ne wanda aka yi wa huɗubar. Ya ce, "Inna, yatsa ba ɗauri ba ne."

Na ce, "Ni ban ce komai ba."

"Ƙafarki fa? Masallaci ma sai an kai ki a babur."

"Motocin yanzu ai da sanyi a ciki, har da kujera mai kwanciya. Ku kuke faɗa."

"In kin je yaushe za ki dawo?"

Na ce, "Sai na ga abin da na ɗaura."

Ya dubi igiyar, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ciro waya ya fita tsakar gida, na ji yana cewa a riƙe masa wuri biyu, ɗaya kusa da ƙofa, akwai tsohuwa.

Ga akwatin can a jingine, ƙullin yana kallona. Gobe in Allah ya kai mu za a yi lodina. Mai alƙalami ta ɗago kai wai sharje ake cewa, tana dariya, wannan karon har ido. Na ce rubuta yadda na faɗa.